Sayen Kwamfutar Gida: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a nan Agege. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.

 

  

Da aka sanar cewa mu ne za mu yi magana a kan kwamfuta, mun san akwai waɗanda suka yi dariya a ciki. Kuma da gaskiyarsu. Mu ba injiniyoyi ba ne, karatunmu na Islamiyya ne, sana'armu kuwa goro. Abin da ya sa muka amsa shi ne, an taɓa yi mana sakiyar da ba ruwa a wannan harka, kuma zafin abin ya sa muka zauna da yaranmu masu gyaran kwamfuta, muka yi ta tambaya har suka gaji da mu. Abin da muka tsinta a wurinsu shi muka kawo muku yau.

Da farko dai, wannan kwamfuta ta ɗorawa a cinya, wadda yara ke kira laftof, ta daina zama kayan gayu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa aza hannu a kanta ba sai ranar jarrabawa, ko yana da karatu a ka, rawar jiki kaɗai ta isa ta ci masa lokaci. Ga aikin gida da makarantu ke ba su, ga cike fom iri-iri, ga uwargida da ke son ta riƙa rubuta lissafin 'yar sana'arta, ga sauraron tafsiri da azumi, ga magana ta bidiyo da 'yan'uwa a Kano ko Katsina ko Sakkwato. To wannan shi ne aikin da kwamfutar gida za ta yi a gidajen yawancinmu. Ba wani abu ya wuce haka ba.

Saboda haka kafin mutum ya tambayi kuɗi, ya fara tambayar kansa: me za a yi da ita? Wanda zai ɗauko kwandon tumatir ɗaya daga Mil 12 ba ya hayar tirela. Yaro zai zo ya nace sai an saya masa mai fitilu kala-kala, irin ta masu wasan gem. Wannan tsadarta ta ninka, nauyi gare ta, cajarta kuma takan ja wat 150 ko fiye, alhali ta aikin gida wat 45 ko 65 ya ishe ta. Iyaye, ba dole. In ba zane-zanen gini ko haɗa fim yaron yake koyo ba, a ba shi haƙuri.

Bari mu ba ku labarin abin da ya same mu. Da 'yarmu za ta rubuta jarrabawa, muka shiga wani shago, ba sai mun faɗi inda yake ba. Mai shago ya ɗauko wata sai sheƙi take yi, ya nuna mana ɗan tambarin da ke jikinta, ya ce, "Alhaji, i7 ce wannan, babu sama da ita." Mu kuma abin da muka taɓa ji ke nan, wai i7 ta fi i5, i5 ta fi i3. Muka yi ciniki, muka biya, muka taho gida muna murna an yi mana sauƙi. Kafin mako ya zagayo sai ga gaskiya ta fito. In an kunna ta, sai a dafa shayi a sha kafin ta gama buɗewa. In an ɗauke wuta, ba ta minti ashirin ta mutu. Da muka koma, ya ce ai mun gani muka saya. Rasit ɗin da ya ba mu kuwa babu komai a jiki sai kuɗi da kwanan wata. Abin da ya fi ba mu haushi ba asarar ba ce. A'a, mu da ba ma sayen huhun goro sai mun kwance shi mun tona har ƙasa, mu ne muka sayi kaya da baki kawai.

Ga inda aka shammace mu, kuma a nan muke so ku saurara da kyau. 'Yan'uwanmu na mayankar Oko-Oba da ke zaune a nan sun sani, ba a sanin shekarun sa da kyan fatarsa, sai an buɗe baki an duba haƙora. To ita ma kwamfuta tana da haƙora. Wancan i3 da i5 da i7 suna ne na daraja kawai a cikin ƙirar kamfanin Intel. Shekarunta suna cikin lambar da ke biye da sunan. In ka ga i7-4600U, wannan 4 ɗin na farko yana nufin zubi na huɗu, watau ƙirar 2013. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ke nan, wanda ya fara fitowa a 2017. In lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12 ko 13, kamar i5-1135G7, to zubi na goma ne zuwa sama. Tamu da muka saya zubi na huɗu ce. Tsohuwar i7 irin wannan, i3 ta zubi na 11 za ta ba ta ratar gudu. Wannan lamba ba a jikin tambari take ba, sai an kunna kwamfutar an shiga Settings, sa'an nan System, sa'an nan About. Duk mai shagon da ya hana ka dubawa, ka yi masa sallama. Waɗanda aka rubuta musu Core Ultra kuwa sababbi ne, daga ƙarshen 2023 suka fara. Akwai kuma ƙirar kamfanin AMD, Ryzen 3 da Ryzen 5, su ma ba su da laifi ko kaɗan, a dai nemi wadda lambarta ta fara da 5 zuwa sama.

Me ya sa muka dage a kan wannan lamba? Domin ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Ba wai kwamfutar za ta daina kunnuwa ba ne. Za ta ci gaba da aiki, amma kamar shago ne da maigadi ya tashi, duk ƙofar da ɓarayi suka gano ba mai toshe ta. Mu kuwa da yawanmu ta nan muke shiga asusun banki. Wanda ya gaje shi, watau Windows 11, a ƙa'idar kamfanin ba ya hawa kan Intel da bai kai zubi na takwas ba, in ban da 'yan ƙalilan. Kun san kuma duk abin da Turai da Amurka suka yar, tashar Apapa yakan nufo. Saboda haka in kun ga tokumbo mai arahar ban mamaki, ku duba haƙora. Wasu masu gyara sukan yi dabara su cusa mata Windows 11 da ƙarfi, ka gani a allo ka ɗauka ta zamani ce. Lambar nan dai ita ce shaida. Zubi na takwas shi ne ƙarshen sauka, amma a namu ra'ayin, in da hali, a fara daga na 10 ko 11.

Abu na gaba shi ne ram. Ku ɗauke shi kamar faɗin teburin mai tireda, in ƙarami ne, kafin a ɗora wani kaya sai an sauke wani. Giga 4 ya yi kaɗan yanzu, ko da a takarda an ce Windows 11 zai hau. Giga 8 ne daidai aikin gida, 16 kuma ya fi daɗewa ana mora. A tambaya ko ana iya ƙara mata nan gaba, don wasu an like nasu a jikin allon ciki, yadda ka saya haka za ka zauna da ita. Sai kuma ma'ajiya, inda ake adana takardu da hotuna. Iri biyu ce: tsohon faifai mai juyawa, da sabuwa wadda ake kira SSD. Wallahi, jama'a, bambancin kamar jaki ne da babur. SSD mai giga 256 ta fi tsohon faifai mai giga 1,000 amfani a gida, domin ta fi sauri, kuma ba ta lalacewa don yaro ya ɗan buge tebur. In an sami 512, madalla.

To sabuwa za a saya ko tokumbo? Kun san yadda kasuwa ta koma tun da aka saki naira a Yunin 2023. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kwamfuta dala take bi. Ba za mu faɗi farashi a nan ba, don kafin mujalla ta fito ya canja. Mai hali ya sayi sabuwa a kwali, daga shagon da zai ba shi garantin shekara guda a rubuce, hankalinsa ya fi kwanciya. Amma fa akwai tarko a cikin sababbin ma. Akwai masu araha, sirara, kyawawa, ciki kuwa Celeron ne da ram giga 4 da 'yar ma'ajiya giga 64. Kyan ɗan maciji ke nan. Kafin shekara ta cika an fara kuka da ita. In kuɗinka iyakarsa nan, gara ka nemi tokumbo mai lafiya daga cikin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu, irin su ThinkPad na Lenovo, ko Latitude na Dell, ko EliteBook na HP. Jikinsu ƙarfi gare shi, kuma kayan gyaransu ba wuya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Alaba. Akwai kuma Chromebook, ita ma da araha, amma ba Windows ke cikinta ba, yawancin aikinta sai da intanet. Wanda bai shirya wa kuɗin data ba ya yi tunani.

Batun wuta ba sai mun gaya wa mazaunin Ikko ba. Ko dai babu ita, ko kuma akwai ta da tsada, tun da aka ɗaga kuɗin 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Saboda haka batir rabin kwamfuta ne. In tokumbo ce, ka ce wa mai shago ya fito maka da rahoton batir, akwai umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, ya san shi sarai. Zai nuna lamba biyu: ƙarfin batirin ran da aka ƙera shi, da abin da ya rage masa yau. In ya zube ƙasa sosai, a rage maka kuɗin sabon batir ko ka bar ta. Bayan haka ka zare caja, ka zauna nan a shagon, ka kunna bidiyo na minti ashirin kana kallon yadda cajin ke sauka. Ba rowa ba ce, kuɗinka ne. In kuma tana caji ta ƙaramin bakin nan irin na wayoyin yanzu, watau USB-C, ya fi, don babban fawa-banki mai ƙarfin da ya dace zai iya ɗaukarta, haka ma 'yar solar gida.

Kana zaunen nan sai ka danna maɓallan rubutu ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kyamara da sifika da wurin sa filashi, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙalarsa ta saki. Allo mai inci 14 ya fi sauƙin ɗauka, mai inci 15.6 ya fi wa idon dattijo daɗi. Af, kafin mu manta, malamanmu na Islamiyya sun tambaye mu ko sai an sayi ta musamman kafin a rubuta Larabci. A'a. Windows yana da tsarin rubutun Larabci a ciki, har da na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, kunnawa kawai ake yi, sai a manna 'yan sitika a kan maɓallan.

Saura magana ɗaya, kuma ta fi duk na baya nauyi. Mu baƙi ne a ƙasar nan ta kurmi, ko da an haifi wasunmu a nan. In wani ya tare ka a bakin titi da kwamfuta a jaka, ya ce matsuwa ce ta sa zai sayar rabin kuɗi, don Allah ka wuce. Malamai suna nan, sun fi mu sanin hukuncin sayen kayan da ake zargin na sata ne. Ban da wannan kuma, ran da aka biyo sawu, ba kai kaɗai za a kira ba, Sarki da shugabannin ƙungiya ne za su kwana suna zirga-zirga a ofishin 'yan sanda, a kuma shafa wa sunan Hausawa baƙin jini. A saya a shago mai adireshi. A rasit a rubuta sunan kwamfutar, da lambar zubinta, da yawan ram, da lambar jikinta wadda ke ƙarƙashi, da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da ita. A kuma tabbata ba a kulle ta da kalmar sirri tun daga wurin kunnawa ba, kuma ba ta neman a shiga da sunan wani kamfani na ƙasar waje, don irin wannan takan kulle kanta bayan an kai ta gida an haɗa da intanet.

Mun yi magana da shugaba, kuma biyu daga cikin matasanmu masu gyaran kwamfuta sun yarda za su riƙa raka duk mai son saye ranar Asabar. Ba dillanci za su yi ba, ba la'ada, kuɗin mota kawai za a ba su. Mai bukata ya ba sakatare sunansa bayan an shafa fatiha.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya shirya mana zuri'a.