Rigar Roba a Kan Tsohon Fenti

Yau zancenmu zai kai mu Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, kuma a kan fentin mota za mu yi shi.

A cikin watan Yuli na 1985 aka fito da Proton Saga, motar farko ta ƙasar, daga masana'antar Shah Alam kusa da birnin, da taimakon kamfanin Mitsubishi na Japan. Shekara da shekaru ita ce tasi mai launin ja da fari da ke cika titunan birnin. A 1994 ƙaramar Perodua Kancil ta biyo baya. Har yanzu waɗansu daga cikin motocin nan suna bisa hanya, masu su kuwa suna ji da su, sai dai jikinsu ya koɗe. Sabon fenti yana da tsada, kuma mota takan yi kwanaki a gareji. To, a nan ne wani abu mai araha yake jan hankali, wato ruwan roba da ake fesawa daga gwangwani.

Mafi shahara a cikin irinsa shi ne Plasti Dip, wanda wani kamfani na jihar Minnesota ta Amurka ya soma yi a 1972. Asalinsa don mariƙin filaya da sauran kayan aiki aka yi shi, kada hannu ya zame. Daga baya ne samari masu son mota suka shiga fesa shi a kan wili, har abin ya kai ga mota ɗungum. Alkawarinsa mai daɗin ji ne: in ka gaji da launin, sai ka kama gefe ka ja, ya fita kamar saɓar maciji.

A kan lafiyayyen fenti na masana'anta, galibi haka abin yake. Amma robar ba ta zama ruwa da kanta. Sinadarai ne dangin fetur da tina suke narkar da ita, in an fesa su bi iska su bar ta. Fentin zamani yana da rufi garai-garai a bisa launin, an gasa shi ya taurare, saboda haka yana jure musu. Akwai kuwa tsohon fenti wanda bushewa kaɗai ya yi, da zarar mai narkarwa ya taɓa shi sai ya sake laushi, ya yamutse ko ya yi tabo. Motar da ta shekara talatin da wuya a ce fentinta na asali ne. An yi karo, mai gyaran bodi ya yi ciko, an fesa abin da aljihu ya iya. Wanda ya saye ta a hannu na uku ina zai san abin da ke ƙasa?

Sa'an nan ga yanayin wurin. Kuala Lumpur tana kimanin digiri 3 arewa da tsakiyar duniya, zafin rana yana wuce digiri 30 kusan kullum, ruwan sama kuma ya fi milimita 2,000 a shekara. Rufin mota da bonet su suka fi shan wuya: rufin fentin ya yi fari-fari, ya soma ɓamɓarewa. Robar takan kama irin wannan fenti fiye da yadda shi ya kama jikin motar, ranar cirewa kuwa tare za su fito. Inda gefen robar ya ɗaga, ruwa ya shige ya kwanta, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye.

Akwai kuma asarar da tsimi ke jawowa. Kaurin robar shi ke sa ta fita salin-alin, don haka ake son fesawa biyar ko shida. Mai tsimin gwangwani yakan tsaya a biyu. In ya zo cirewa, musamman bayan ta daɗe a rana, sai ta riƙa tsinkewa gutsi-gutsi, dole ya koma goge ta da mai narkarwa, wato abin da tsohon fentin ba ya so tun fari. Ko ɗigon fetur a bakin tanki yana ɓata ta. Hukuma ma tana da ta cewa, gama launin mota yana rubuce a takardunta, kuma a Malesiya wajibi ne a sanar da Hukumar Sufurin Hanya, wato JPJ, in an sauya shi.

Mai tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, ko yana Kano ko Maraɗi, zancen nan ya shafe shi, domin ranarmu ba ta gaza tasu ba. Gwajin masu fenti ba shi da wuya. A shafa ɗan man goge mota a farin tsumma a murza. In launin motar ya fito a tsumman, babu rufin nan mai kariya. Bayan haka a fesa robar a wuri kamar faɗin tafin hannu, a bar ta kwanaki, a ɓare a duba. Mutane sukan zaɓi cikin but ko gefen ƙofa don kada a ga tabo, amma wuraren nan ba su taɓa shan rana ba, shaidarsu ba ta isa ba. Sai an gwada a kusurwar rufi ko bonet, inda fentin ya fi gajiya.