Yaron da ake ce wa daƙiƙi: me doka ta tanadar masa?



 An ce in yi magana a kan ilimi. To, ilimi kogi ne, ni kuwa lokacina kaɗan ne, shi ya sa zan tsaya a kan yaro ɗaya, wanda kowa a cikinku ya san irinsa.

Idan mushe ya yi tambaya da baki, yana cikin masu fara ɗaga hannu. Ka aike shi kasuwa, ba mai cutarsa ko da dala. A gonar tattasai ya san injin ban-ruwa kamar shi ya ƙera shi. Amma a ce ya tashi ya karanta layi biyu a allo, sai gumi ya keto masa. Shekara uku, shekara huɗu a lakol, har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙi da wasali. Kalma guda sai ya rubuta ta iri uku a shafi ɗaya. A gida a ce malalaci ne, a aji a ce daƙiƙi ne. Ya maimaita aji, ya sake maimaitawa, daga nan a daina ganinsa.

Wasu daga cikin irin waɗannan yara, abin da ke damunsu yana da suna: disleksiya, wato tawayar karatu. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya fara amfani da sunan. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara. Yau masana sun gano cewa matsalar tana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Idon yaron lafiya, hankalinsa lafiya. Abin yana bin jini, kuma ana ƙiyasta cewa yana shafar yara 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ku yi lissafi da kanku: a ajin da ke da yara 60, ana maganar uku zuwa shida ke nan.

To, me doka ta ce? A nan Nijar, doka mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, wadda ake kira LOSEN, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, ta kuma ware fanni na ilimi na musamman domin masu nakasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman. Aya ta 24 ta wannan yarjejeniya ta ce kada a fitar da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda nakasa, kuma a yi masa sassaucin da ya dace da buƙatarsa. Sai doka mai lamba 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin shigar da masu nakasa cikin harkokin al'umma.

Kun ga ba a rasa dokoki ba. Amma ku dubi inda aikinsu ya fi bayyana. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane, akwai ta kurame ta Hassane Bana Bâ. Wannan alheri ne, Allah ya ƙara. Sai dai makanta da kurumta ana gane su tun daga ƙofar aji. Yaron da muke magana a kansa kuwa yana gudu, yana wasa, bakinsa garau. Ba wanda zai kalle shi ya ce doka ta shafe shi. Tunda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, ba sassaucin da zai same shi.

A wasu ƙasashe an toshe wannan kafa. A Amurka, dokar 1975, wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990, ta ambaci disleksiya da sunanta. Idan an auna yaro aka tabbatar yana buƙatar taimako, dole makaranta ta zauna da iyayensa a rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa. A Faransa ma, bayan dokar 11 ga Fabrairu 2005 kan nakasa, an fito da wata takardar rakiya ga yara masu matsalar koyo, kuma a jarrabawa ana iya ƙara musu kashi ɗaya cikin uku na lokaci. Abin lura shi ne, a can akwai wanda aka ɗora wa nauyin gano yaron, akwai kuma takardar da ke bin sa daga aji zuwa aji.

Mu dawo gida. A Geskeru da sauran garuruwan bakin Komadugu, aikin gano irin wannan yaro ya fi wuya, saboda dalilan rashin iya karatu sun cakuɗe. Tun bayan hare-haren 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa, makarantu da yawa sun rufe, wasu an ɗauke su zuwa wuraren da jama'a suka yi hijira a gefen babbar hanya. Yaron da ya yi shekara biyu ba aji, ba abin mamaki ba ne ya kasa karatu. Ga kuma batun harshe. Yaro ya tashi da Barbarci ko Fulatanci ko Hausa, ranar farko a CI a tare shi da Faransanci, harshen da sautin "o" kaɗai ake rubuta shi o, au, eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Wani kuma idonsa ne ba ya hango allo, wani kunne, wani yunwa, wani firgicin abin da ya gani. A cikin wannan taro, mai disleksiya sai ya ɓace.

A nan akwai wata aya ta LOSEN da ta kamata mu riƙe da kyau. Dokar ta ce a firamare harshen uwa shi ne harshen koyarwa, Faransanci kuwa darasi ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai harshe biyu a Damagaram. Ni irin wannan makaranta na yi, na kuma san daɗin fara haɗa haruffa a harshen da kake mafarki da shi. Ga mai tawayar karatu wannan ya wuce daɗi. Rubutun Hausa yana bin furuci kusa da kusa, kuma yaron da ya san kalma a bakinsa, nauyi ɗaya ya rage masa maimakon biyu.

To, mu fa, mene ne namu? Mu ba likitoci ba ne, kada mu je muna liƙa wa ƴaƴan mutane suna. Amma da yawanmu muna koyar da ƙannenmu da dare ko lokacin hutu, can ne za mu fara. Idan ka ga yaro ya tsaya cik, fara da shawartar iyayensa a kai shi asibiti a duba ido da kunne. Idan lafiya, ka ba shi minti 15 zuwa 20 kowace rana, a harshen da yake ji. Harafi ɗaya, sautinsa ɗaya. Ya rubuta shi da yatsa a kan rairayi yana furtawa. Ku riƙa tafa hannu kuna rarraba kalma gaɓa-gaɓa: tat-ta-sai. Yaron da hijira ce ta tsayar da shi, cikin ƴan watanni za ka ga ya zabura. Wanda kuwa abokansa suka wuce, shi yana nan yana fama duk da ƙoƙarinsa, shi ne za a sa wa ido.

Daga nan sai rubutu. Ka samu kaye, ka riƙa sa kwanan wata, abin da kuka yi, da abin da ya gagara. Da wannan kaye za ka raka uwa ko uba wajen darakta, cikin ladabi. Idan da hali a kai maganar gaban kwamitin CGDES da ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, in ta kama har ofishin sufeto. Abin da za a roƙa ba ya cin ko dala: a zaunar da shi gaba, a karanta masa tambaya da baki, a ƙara masa lokaci, a auna saninsa na tarihi ko lissafi ba tare da an kashe shi da kuskuren rubutu ba, a daina tsayar da shi ya yi karatu gaban aji ba shiri, a ajiye bulala. Wannan shi ne sassaucin da aya ta 24 ke nufi. Malamanmu na lakol suna fama da cunkoso da ƙarancin kayan aiki, don haka mu je musu a matsayin masu taimako.

A makarantun allo ma yaron yana nan. Zai haddace sura da kunne tsaf, amma ka nuna masa kalma a allonsa ya rasa ta, ɗigon ba da ta suna rikice masa. Mu tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda ya nuna cewa mai karatun Alƙur'ani da ƙyar, yana tuntuɓe, lada biyu gare shi. Wanda aka yi wa wannan bushara bai cancanci dariyarmu ba.

Roƙona ga ƙungiya shi ne, kafin taron baɗi, kowane mai koyar da yara a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya irin wannan, ya buɗe masa kaye. Shugabanni kuma su nemo mana kwafin waɗannan dokoki uku, mu zauna mu karanta su tare, mu fassara wa iyayenmu da Barbarci da Hausa da Fulatanci.

Allah ya buɗa wa ƙannenmu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da jiharmu ta Diffa lafiya.