Kafin Ka Ƙetara Bauchi Sayen Bindiga: Jawabin Akawun Reshen Gwaram



Tun da aka kawar da amfanin gona mutum huɗu suka zo ofishinmu da tambaya iri ɗaya. Na ƙarshensu mai sayar da hatsi ne, da yawanku kun san shi, amma ba za mu faɗi sunansa ba. Ya ce akwai wani tsohon maharbi a can ƙasar Bauchi, ƙarfinsa ya ƙare, yana so ya sayar da bindigarsa ta farauta. Bindigar tana da lasin, takardar tana nan cikin adakarsa, sun yi ciniki har an sallama. Abin da ya ke so mu yi masa shi ne mu rubuta takardar shaidar ciniki, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, ya je ya ɗauko abarsa. Muka ce masa ya dakata. Ya ji haushinmu, ya ce ko mu ma mun koma bayan Gwamnati ne. To, saboda shi da irinsa muka roƙi Shugaba ya ba mu wannan fili.

Mun san abin da ya sa mutane su ke neman bindiga. Ba wanda ya manta da daren da 'yan bindiga suka shigo Gwaram cikin watan Afrilu na 2014, suka auka wa ofishin 'yan sanda da banki, aka kashe 'yan sanda a cikin garin nan namu. Ɗan kasuwar da ya ke tashi daga kasuwar Sara da almuru da kuɗin awaki a aljihu, da manomin da ya ke kwana a bakin garkensa, ba wanda zai ce da su tsoronsu na banza ne. Amma mu aikinmu karatun takarda. A makarantar mishan inda aka koya mana boko, abu ɗaya da malamin ya nace mana a kai shi ne kada mu sa hannu a takarda sai mun karanta ta har gindinta. Mun karanta dokar nan har gindinta, ga kuwa abin da ke ciki.

Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta fara aiki a 1959, tun Bature bai tafi ba, har yanzu kuwa ita a ke kai mutum kotu da ita. Ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na fari su ne waɗanda aka haramta wa kowa sai da iznin Shugaban Ƙasa shi da kansa: igwa, da gurneti, da bindiga mai ruwa, da bindigogin soja irin su AK-47, da libarba da fistol duka. Ku lura da wannan, domin mutane da yawa suna zaton ƙaramar bindiga ta sawa a ƙugu ita ce mai sauƙin laifi. A wurin doka layinta ɗaya da ta soja. Kashi na biyu su ne na farauta, watau raifil wadda ba ta soja ba, da mai baki ɗaya ko mai baki biyu wadda a ke karyawa a sa harsashi da hannu, da bindigar iska. Waɗannan Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasinsu. Amma in bindigar tana da wata dabara ta ɗura wa kanta harsashi, ta fita daga wannan kashi, ta koma na fari. Kashi na uku ita ce tamu ta gado, adaka, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki.

Wannan rabo ba a Ikko aka ƙago shi ba. A 1890 sarakunan Turai suka taru a birnin Burasal suka yi yarjejeniya cewa a yawancin ƙasashen baƙar fata kada a bar bindiga mai kyau ta shiga hannun 'yan ƙasa, sai dai mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Mai harbi nesa ta mai mulki ce, mai hayaƙi ta talaka. Bature ya naɗe tutarsa a 1960, rabon yana nan yadda ya bar shi.

Yanzu sai maganar ciniki. Ɗan'uwanmu mai hatsi ya ɗauka lasin kamar igiyar akuya ne, in ka sayi akuyar sai a miƙa maka da igiyarta. Ba haka ba ne. Lasin na mutum ne, da sunansa, a kan bindiga guda mai lamba a jikinta. Takardar da ke cikin adakar tsohon maharbi ta tsohon maharbi ce, ba ta bin bindigar zuwa gidan wani. Doka ta ce kada kowa, ko dillali mai rajista ne ko mai gida ne kawai, ya sayar ko ya miƙa bindiga ko harsashi ga wani mutum sai mutumin ya nuna nasa lasin ko takardar izni tukuna. Watau takarda ce gaba, bindiga a baya. Wanda ya juya wannan tsari, ya ce bari ya ɗauko bindigar sa'an nan ya nemi lasin daga baya, tun daga sa'ar da ya ɗora ta a kan babur ya zama mai laifi, shi kuma tsohon da ya sayar masa ya jawo wa kansa nasa laifin a ƙarshen rayuwarsa. Takardar ciniki da mu ke rubutawa a ofis, da shaidu da hatimin mai unguwa, tana da amfani a cinikin gona ko saniya. A nan kuwa ba abin da za ta yi sai ta zama shaida a kanku ku biyu ranar da aka shiga gaban alƙali.

Haka kuma wanda ya mai da sayar da bindiga sana'a, lalle ne ya zama yana da rajista, yana da ɗakin ajiya da 'yan sanda suka sani, yana rubuta kowace bindiga da ta shiga da wadda ta fita. Mutumin da ya tare ka a tasha ya ce yana da hanya, ba ya cikin waɗannan. Bindigar da aka goge lambar jikinta kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka taɓa, domin ba ka san gidan da ta shiga ba kafin ta iso hannunka.

To, ina maganar iyaka? Mu mutanen Gwaram da iyaka mu ke kwana, da ita mu ke tashi. Ƙasar Bauchi ta kusa zagaye mu, muna aure da su, muna cin kasuwa ɗaya. Kakanninmu sun san lokacin da duka Jihar Arewa ɗaya ce kafin 1967, iyayenmu sun ga an yanke Bauchi a 1976, aka yanke Jigawa daga Kano a 1991. Samari masu kallon waya sun ce mana a Amurka kowace jiha da dokarta ta bindiga. Gaskiya ne, amma ko a can, tun dokar 1968, mutum ba ya sayen bindiga hannu da hannu daga mutumin wata jiha, sai an bi ta kan dillali mai lasin. Mu a nan ma ba mu kai ga wannan ba, gama tsarin mulki na 1999 ya sa makamai da harsashi cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka ga raifil ko mai baki biyu, Ningi da Gwaram da Birnin Kudu duk ɗaya ne. Ƙetare iyaka bai ƙara maka sauƙi ba. Abin da ya ƙara maka shi ne shingen 'yan sanda a kan hanya, kowane ɗan sanda kuwa yana da ikon ya ce ka nuna lasin.

Adaka ce maganarta ta bambanta, a nan ne kuma mu ke so maharba su buɗe kunne. Doka ta bar wa Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha, da yardar Gwamna, ikon ya hana riƙe adaka ba tare da lasin ba, ko a jihar duka ko a wani yanki nata. Ke nan abin da aka ƙyale a wannan gefen rafi ba lalle ne an ƙyale shi a wancan gefen ba. Maƙerin da ya ƙera ta ma sai yana da izni. Kafin ka sayi adaka a wata jiha, ka tambayi ofishin 'yan sanda na can, ka tambayi na nan, ka riƙe amsar a rubuce.

Ko da takardar ma, tafiya da bindiga cikin ƙasar da ba a san ka ba abu ne mai haɗari a zamanin nan. Cikin watan Maris na 2025, ana cikin goman ƙarshe na azumi, maharba 'yan Jihar Kano suka taso daga Fatakwal cikin babbar mota za su gida yin Salla. A Uromi ta Jihar Edo 'yan banga suka tsai da motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwa cewa an kama masu satar mutane. Mutum 16 aka kashe a wurin, da dama daga cikinsu mutanen ƙasar Bunkure ne, nan kusa da mu. Allah ya ji ƙansu. Alhakin jininsu yana kan waɗanda suka kashe su, ba mu ɗora wa mamatan kome ba. Amma taron da ya fusata ba ya tsayawa karanta takarda, wanda zai ɗauki bindiga ya bi hanya mai nisa sai ya san da wannan.

Sai mu koma kan wanda ya ce shi zai bi ƙa'ida, ya nemi lasin tukuna. Doka ta ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda idonsa ba ya gani sosai, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin duka ko barazanar duka cikin shekara 5 da suka wuce. Ko ka tsallake waɗannan duka, ba haƙƙinka ba ne, ganin damar mai bayarwa ne, yana iya hanawa. Ban da wannan kuma, cikin watan Agusta na 2023 Sufeto-Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwa cewa an dakatar da ba da sabon lasin na ƙananan makamai a ƙasa duka, saboda sun yi yawa a hannun mutane. Don haka kada kowa ya fitar da ko kwabo na kafin alƙalami sai ya je hedkwatar 'yan sanda a Dutse ya ji da kunnensa ko ƙofar a buɗe ta ke, ya kuma ga takardar da sunansa a jiki.

Wani zai miƙe ya ce ai manya da kansu sun ce a sayi bindiga. Sun faɗa. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa mutanensa su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindiga, ta kuma ce Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba su lasin. Ba a yi kwana nawa ba Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, ya ce Gwamna ba shi da wannan iko, 'yan sanda kuma suka ce ba sa bayarwa. To, ku duba mana wannan al'amari. Mai mulki ya hau rediyo ya ce tashi ka kare kanka, shi kuwa yana tafe da mota cike da 'yan sanda gaba da baya. Talaka ya ji, ya sayar da ɗan maraƙinsa ya sayi bindiga. Ranar da aka kama shi a shinge, maganar rediyo ba ta cikin littafin da alƙali zai buɗe. Abin da ke cikin littafin shi ne: bindiga ta kashi na fari, ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ta kashi na biyu, har shekara 5. Adaka inda aka hana, tarar naira 1,000 ko shekara 2 ko duka biyu. Akwai kuma dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta yanka wa mai riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ko duka biyu, mai gabatar da ƙara ne kuwa ke zaɓen dokar da zai kai ka da ita, ba kai ba.

Mu 'yan hamayya sai mu ƙara kiyayewa fiye da kowa. Wanda ya ke neman dalilin rufe bakinka gab da zaɓe ba ya bukatar ya ƙaga maka sharri in ka riga ka ajiye masa bindiga marar takarda a ƙarƙashin gado. Abin da ya kamata mu nema da murya ɗaya, a gaban Shugaban Ƙaramar Hukuma da wakilanmu na Dutse da na Abuja, shi ne 'yan sanda a kan hanyoyin kasuwa ranar kasuwa, da sintiri a bakin dajin da ke tsakaninmu da Bauchi. Harajinmu ya isa ya saya mana wannan.

Saura abu ɗaya da ya shafi gidaje da yawa, ba a kuwa san shi ba. In mai lasin ya rasu, magadansa suna da kwana 14 kacal da doka ta yarda bindigar ta zauna a hannunsu. Bayan haka sai a kai ta ma'ajiyar makamai ta Gwamnati, har wanda ya gaje ta ya sami nasa lasin. Mun san gidajen da bindigar uba ta ke rataye shekara da shekaru, 'ya'ya suna ganin gado ce kamar gona, wani ma yana shirin sayar da ita a raba kuɗin. Haka nan in bindiga mai lasin ta ɓace ko an sace ta, wajibi ne mai ita ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin.

Shi ɗan'uwanmu mai hatsi ya aika wa tsohon maharbi cewa a jingine cinikin, ya kuwa ce zai tafi Dutse da kansa ya ji. Duk wanda ke da tsohuwar takardar lasin a gida, tasa ko ta mahaifinsa, ba ya kuwa karanta Ingilishi, ya kawo ta ofishin reshe bayan sallar La'asar mu karanta masa abin da ke ciki. Takardar kaɗai za ku kawo, bindigar ku bar ta inda ta ke.