Jawabi kan lise Amadu Kuran Daga ta Zinder



Wannan lakwal ta gwamnati ta ci sunan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, wanda ya yaƙi Faransawa a Tirmini, aka kashe shi a 1899. Yaro ba ya shigarta sai ya ci jarrabawar BEPC. Shekara 3 zai yi, sannan ya rubuta BAC, wadda ita ce ƙofar jami'a.

Gwamnati ta ba da ɗakin aji da malami. Wurin kwana da tuwon dare kuwa, a wuyanmu suke. Rashin masauki ke maida ɗan ƙauye gida, balle ɗiya mace.

Don Allah, duk mai gida a Zinder ya karɓi yaro guda. Dattawa kuma, bayan kaka, ku aiko da hatsi.

Allah shi yi ma yaranmu albarka.