Ƙa'idojin Jarrabawa Ga Ɗaliban Bayokemistiri 'Yan Shekarar Farko

Wannan jawabi ya shafi ɗaliban da suka sami shiga jami'a don karanta bayokemistiri, watau ilmin sinadaran da ke aiki a jikin mutum da dabba da tsiro. Ya shafi iyayensu kuma, domin su ke ɗaukar nauyin karatun, su ne kuma sukan zama na ƙarshen samun labari in abu ya ɓaci.

Ɗalibin da ya shigo sabo yakan yi mamaki in ya ga jadawalinsa. Mafi yawan darussan shekarar farko ba na sashensa ba ne. Kemistiri ne da bayoloji da fiziks da lissafi, sai darasin Turanci wanda kowane ɗalibi ke yi. Waɗansu sukan ɗauka cewa ainihin karatun sai an shiga shekara ta biyu, su yi sakaci. Wannan babban kuskure ne, kuma dalilinsa yana cikin yadda ake lissafin sakamako.

Tun shekarar 1989, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ma'aunin karatu na bai ɗaya, jami'o'in Nijeriya suke bin tsarin kwas-kwas. Kowane kwas yana da nauyinsa. Nauyi ɗaya shi ne lacca ta sa'a guda kowane mako har ƙarshen zango, ko kuwa aikin sa'a uku a ɗakin gwaje-gwaje. A jami'o'in da ke auna sakamako da daraja biyar, wanda ya ci maki 70 zuwa sama yana da daraja 5, daga 60 zuwa 69 daraja 4, daga 50 zuwa 59 daraja 3, haka dai abin ke sauka, wanda ya faɗi kuwa ba shi da ko ɗaya. Sai a ninka daraja da nauyin kwas.

A ɗauki misalin ɗalibi mai kwas uku. Ya ci 55 a kemistiri mai nauyi 3, ya tashi da 9. Ya ci 72 a Turanci mai nauyi 2, ya tashi da 10. Ya faɗi lissafi mai nauyi 3, bai tashi da kome ba. An tara 19, an raba da nauyin duka, watau 8, ya rage masa 2.38. Kwas ɗin da ya faɗi lalle ne ya maimaita shi a shekara mai zuwa tare da sababbin darussa, kuma wannan sifiri yana cikin lissafin da za a yi masa ranar ba da digiri. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa ne daga 4.50. Wanda ya soma da biyu da 'yan kai, hawan zai yi masa wuya ƙwarai.

Jarrabawar ƙarshen zango ba ita kaɗai ke ba da maki ba. Ana ware kashi 30 ko 40 cikin ɗari ga gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida da rahoton ɗakin gwaji. Haka kuma yawancin jami'o'i ba su barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci aƙalla kashi 75 cikin ɗari na darussa. Ga mai karatun kimiyya wannan sharaɗi ya fi tsanani, domin laccar da ta wuce ana iya kwafe ta daga littafin aboki, amma gwajin da ba a yi da hannu ba babu inda za a aro shi.

Ranar jarrabawa ɗalibi ya zo da katin shaidarsa da takardar rajistar kwas. A bisa al'ada ba a karɓar wanda ya makara fiye da rabin sa'a. Waya da littafi da 'yar takarda a aljihu duk haramun ne, ko da mai ita ya rantse bai duba ba. Wanda rashin lafiya ya hana shi zuwa, ya sanar da shugaban sashe a rubuce ba tare da jinkiri ba, haɗe da takardar likita wadda asibitin jami'a ya amince da ita. Takardar da aka kawo bayan an kafe sakamako da wuya a saurare ta.

Maganar maguɗi kuwa ta wuce hannun malami. Za a rubuta rahoto nan take, a gurfanar da ɗalibi gaban kwamitin bincike, ya kare kansa, sa'an nan Majalisar Dattawan Jami'a ta yanke hukunci, ko dakatarwa ko kora. Gwamnatin Tarayya ma ta daɗe da sa baki. Dokar Soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga masu satar jarrabawa. A 1999 aka kafa doka mai lamba 33 musamman don wannan laifi, wadda ta sassauta hukuncin ta kuma fayyace laifuffukan ɗaya bayan ɗaya: satar takardar tambayoyi, da satar amsa, da zauna wa wani jarrabawa, da ta da hankali a zauren jarrabawa. Dokar ba ta ƙyale malami ko mai sa ido da ya haɗa baki ba.

Ƙa'idoji sukan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, musamman game da makin cin jarrabawa da matakin da ake yi wa ɗalibi gargaɗi kafin a sallame shi. Duk suna rubuce cikin littafin jagorar ɗalibai da ake rabawa lokacin rajista. Yana da kyau uba ko mariƙi ya nemi a nuna masa wannan littafi, ya kuma riƙa tambayar sakamako zango-zango.