Hadarin Gabas a Gonar Mahaifina

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, an umarce ni in yi magana a kan abin da nake yi in na taso daga ofis, wato gyaran hoto baƙi da fari.

A daminar 2018 ina tsaye a gonarmu ta Bugaje, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mahaifina yana sauri ya ƙarasa noman gero. Na ɗauke shi da waya. Da na duba, sai ga sama ta fito toka-toka, ba alamar hadari, domin wayar ta auna hasken gona ne, ta bar sama ta kwashi haske fiye da kima. Kafin kaka Allah ya yi wa tsoho rasuwa. Hoton nan shi ne na ƙarshe, dole na koyi gyara.

Ashe matsalar tsohuwa ce. A 1857 Gustave Le Gray na Faransa sai da ya ɗauki teku daban, sama daban, sannan ya haɗa su. Ansel Adams na Amurka kuwa, hoton wata da ya ɗauka a Hernandez a 1941, a ɗakin wanki ya riƙa ƙara wa samansa duhu.

Ni da Snapseed na yi aikina. Na mai da hoton baƙi da fari, na zaɓi jan gilashi, wanda yake duhunta shuɗin sama har gizagizai su fito sarai. Na rage hasken sama kaɗan-kaɗan, na haskaka fuskar tsoho. In aka wuce gona da iri, wani farin zobe yakan kewaye itatuwa, kowa ya gani ya san an taɓa.

Wani abokina ya ce in ƙara walƙiya don hoton ya yi armashi. Na ƙi, domin ran nan ba a yi walƙiya ba. Gyara shi ne a maido abin da ido ya gani; ƙari kuwa shaidar zur ce, ko da a hoto. Malamanmu sun hore mu a kan haka tun muna aji ɗaya.

Da na kai wa mahaifiyata hoton, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan hadarin ne ya koro ku gida a jiƙe."

'Yan uwa, damina tana tafe. Wanda iyayensa suke da rai, ya je ya ɗauke su.