Kyamara Mai Ido Biyu: Kada a Sayar da Ita a Kan Sikeli

Yau maganarmu a kan wani ɗan akwati ce da kan faɗo cikin tsofaffin kaya, a Kasuwar Makola ko a hannun 'yan gwangwan na Nima da Maamobi. A rufe sai ka ce littafi mai bangon fata. In ka buɗe, sai wata baƙar jaka ta miƙo kamar zugazugin maƙeri, da idanun gilashi biyu a gaba. To wannan kyamara ce, kuma yawancin irinta sun haura shekara 100.

Me ya sa ido biyu? Malam makiyayi, gwada wannan: rufe ido ɗaya, ka kai sandarka kan ƙahon saniya. Za ka ga nisan ya rikice maka. Kowane ido da ɗan gefen da yake gani, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta ba ka nisa. Wani Baturen Ingila, Charles Wheatstone, ya bayyana haka a 1838. Shi ya sa aka raba idanun kyamarar da kusan santimita 6 da rabi, kamar na mutum. Hoto biyu take ɗauka a lokaci guda. In aka sa su a madubin kallo, sai ka ga na gaba a gaba, na baya a baya, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ba fim take ci ba, farantin gilashi ake zura mata ta baya, galibi mai santimita 6 da 13, ko milimita 45 da 107. Maganin da ke shafe a kan gilashin kuwa, sinadarin azurfa ne da aka dama da wani ƙaro da ake dafowa daga ƙashi da fatar dabba, musamman shanu. Kun ga ashe har a nan ma da hannun makiyayi.

Ankara ta san aikin gilashin nan tun da daɗewa. Dangin Lutterodt suna ɗaukar hoto a nan tun ƙarni na 19, kuma a 1922 J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagon Deo Gratias a Jamestown, shekara biyu kafin a gina Makola a 1924. Ita tsohuwar kasuwar, sojoji sun rushe ta a 1979. Saboda haka gilashi guda mai ɗauke da hoton rumfunanta, ko na fataken goro, ko na wani sarkin zango, shaida ce da ba a sake samu.

To ɗan'uwa, in kayan nan ya zo hannunka, ga abin yi. Kada ka ɓalle murfin da wuƙa. Laluba gefe, yawanci akwai maɓalli a ɓoye ƙarƙashin fata. Ja jakar a hankali, don busasshiyar fata tsagewa take. Haska tocila a cikinta cikin duhu, ka ga ko ta huje. Kada ka goge idanun da bakin riga. Duba suna: ICA ta Dresden da Goerz ta Berlin kamfanonin Jamus ne da suka narke cikin Zeiss Ikon a 1926, don haka mai ɗauke da sunansu ta kwana biyu. In da gidajen gilashinta da madubin kallonta, kada ka raba su. A haɗe suka fi daraja.

Gilasan kuwa, dodon hoto ne, fari ya koma baƙi. Kada ka wanke su, ruwa zai kwashe hoton. Riƙe su ta gefe, naɗe kowane a takarda, jera su a tsaye, nesa da danshi.

Mai niyyar ƙetarawa da su ta Aflao ko Paga, a sani dokar Ghana ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Fara zuwa can ka tambaya, kada a karɓe maka a kan iyaka.

A sikeli, kuɗin tagulla kawai za a ba ka. Ɗauki hotonta da waya, ka ji farashi daga bakin dillalai biyu ko uku tukuna. In kuma fuskokin mutanenmu ne a gilashin, kai wa dattawan zango su gani. Wataƙila wani ya gane kakansa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.